Takwara Ɗaya, 'Yan Gem Uku

Ku ɗan kife wayoyin nan a kan tabarma, ku ara mini kunnuwanku kafin a kira magariba. Kai ma, Malam Ɗahiru, bar gyangyaɗin nan, yau har da kai za a yi. Wani kaya aka ɗora mini, kwana uku ina juya shi ban ga inda zan sauke ba, shi ne na ce bari in kawo majalisa, tunda ku ba ku taɓa rasa bakin magana ba.

Kun san Mubashir, ɗan ƙanwata, mai zanen gine-gine a Zariya. Yaro ne mai hankali, ba ya shaye-shaye, ba ya yawon banza. Abu ɗaya ne ya shiga ransa, wasan nan na talabijin da suke ce wa gem. Ni da na ɗauka na ƙwallo ne, ashe wannan daban yake. Duniya ce sukutum aka zuba a ciki, da duwatsu da koguna da kasuwanni, sai a sake ka kamar akuyar da ta tsinke igiya, ka nufi inda ka ga dama. Ba mai ce maka bi nan. Kuma wani yana Zariya, wani yana Ikko, sai su haɗu a ciki, kowa da abin magana maƙale a kunne, suna hira suna faɗa da dodanni.

A can ya yi abokai uku. Shekara biyu suna tare, amma bai taɓa yin musabaha da ko ɗayansu ba. Muryarsa suka sani, da sunansa, da lambar wayarsa. Ba su san gidansa ba, ba su san kowa nasa ba.

Na farko Jazuli, tela ne a Ikko. Sunayen wasannin na Turanci sun fi ƙarfin bakina, don haka zan faɗa muku yadda su suke kiransu. Shi Jazuli wasan Daji yake so, inda ake ba ka doki da baka, ka bi sawun dabba, ka saurari motsin ciyawa. Yakan ce duk wasan da bai koya maka haƙuri ba hayaniya ce kawai.

Na biyu Ukasha, malamin firamare a Jos. Shi kuma wasan Tsibiri, inda ake ba ka jirgin ruwa da yagaggiyar taswira, ka yi ta haɗa alamu har ka tono abin da aka binne. Littafi guda ya ware don rubuta alamun nan, abin da ko darasin ɗalibansa ban tabbata ya samu ba. A wurinsa sauran biyun yatsu kawai suke motsawa, shi ne mai aiki da ƙwaƙwalwa.

Na uku Nafi'u, mai kai saƙo a babur. Gari ɗaya suke da Mubashir, kullum ana cewa za a haɗu, gem ɗin bai bar su sun haɗu ba. Shi wasan Birni ne nasa, gudu da mota, haura katanga, tsalle daga wannan bene zuwa wancan. Yana yi wa Jazuli tsiya cewa wasan Daji na tsofaffi ne, awa guda mutum yana sunkuye yana duban kashin barewa.

Musun nan ba ya ƙarewa. Mubashir ne mai raba su, don shi duka ukun yake bugawa. Sai dai yana da wata ɗabi'a da suke yi masa dariya a kai: ba ya ganin abu a cikin gem bai kwatanta shi da unguwarsu ba. Wannan dutsen kamar na bayan gidanmu, wancan ginin kamar gidan kajin layinmu. Har suna ce masa Sarkin Kamar.

To, ran wata Asabar a tsakiyar damina, matarsa Suwaiba tana Funtuwa goyon ciki, shi kaɗai ne a gida. Bayan azahar su huɗun suka haɗu a wasan Daji, za su ƙetare wani kwari da suka yi mako uku suna shiri a kansa. Aka ɗauke wuta, ya tada janareta a tsakar gida. Can sai ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Ya ce musu zai kashe, inji yana jiƙewa. Nafi'u ya ce, "Haba Sarkin Kamar, shigo da shi ciki mana, awa ɗaya ce fa." Mubashir ya jawo shi lungun da ke tsakanin falo da kicin, ya kulle ƙofa, ya rufe tagogi saboda feshi. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Suka ƙetare kwarin. Ukasha ya sauka zai duba takardun yara, Nafi'u ya sauka yana jiran ruwa ya tsagaita ya fita aiki. Aka bar Jazuli da Mubashir suna tafe a kan dawakansu. Mubashir ya ce kansa yana sara, ya ce wataƙila yunwa ce. Ba a jima ba dokinsa ya tsaya cak a tsakiyar wani fili, shi yana kai, ko motsi.

Ga abin da Jazuli ya yi. Da farko ya ɗauka abokinsa la'asar ya tashi yi. Kurayen cikin gem suka kewaye mahayin, shi kuwa ya ja baka ya tsaya gadi, yana harbi yana jin daɗin kansa, har kusan minti goma sha biyar. Sai wani abu ya faɗo masa a rai. Ya tuna cewa a shekara biyun nan Mubashir bai taɓa tashi salla bai kai dokinsa gindin dutse ya ɗaure ba, ya ce a jira shi. Mutumin da ke tausayin dokin talabijin haka ba zai bar shi a fili kuraye su ci ba. Jazuli ya kashe ƙarar wasan, ya danna abin kunnen sosai, ya saurara yadda ya saba sauraron ciyawa. Ya ji rurin inji kusa-kusa, kuma a ƙarƙashinsa ya ji numfashi mai nauyi, wanda ba na mai barci ba. Ya kira lambar Mubashir. Yana daga Ikko yana jin wayar tana ringi a gefen mutumin ta cikin abin kunne, sau shida, ba wanda ya ɗauka.

Ya haɗa sauran biyun a kira ɗaya. Nafi'u ya yi dariya ya ce sabis ne ya yanke. Jazuli ya ce in sabis ne da mahayin ya ɓace, ga shi nan kuwa a tsaye. Ya kara abin kunnen a bakin wayarsa don su ji numfashin da kansu. Nafi'u bai ƙara dariya ba, don ya tuna wanda ya ce a shigo da injin. To, amma wa za ka kira? Ka ce masa me, dokin wani ya tsaya a cikin talabijin? A wace unguwa, a wane gida? Ba wanda ya sani.

Ga abin da Ukasha ya yi. Ya ture takardun yara, ya buɗe sabon shafi a littafin nan nasa, ya fara zubo duk wani "kamar" da Mubashir ya taɓa faɗa. Dutse mai tsagaggen kai a bayan gida. Gidan kaji mai dogayen rumfuna uku. Tankin ruwa shuɗi na maƙwabci a kan ƙarfe. Rana tana shigo masa falo da yamma ta hana shi ganin talabijin, ke nan tagarsa yamma take kallo. Ya buɗe taswirar waya mai nuna gari daga sama, ya bi gefen Zariya da yatsa. A cikin minti takwas ya ga rumfunan uku a jere da dutse a bayansu, a wata sabuwar unguwa da ko sunan layi ba ta da shi. Ya ce wa Nafi'u ya hau babur.

Sai dai gidaje biyu ne suka dace da alamun, kuma ya zaɓi wanda ba shi ba. Nafi'u ya yi ta dukan ƙofa har wata tsohuwa ta fito da lema tana tambayarsa lafiya. Minti goma suka tafi a nan. Jazuli kuwa yana faɗa musu cewa numfashin ya fara yin nisa tsakani. Ukasha ya ce a ransa ya kashe mutum da kuskurensa, amma bai tsaya kuka ba. Ya ce Nafi'u ya bi layin a hankali ya danne odar babur kada ya saki, shi kuma Jazuli ya rufe ido ya saurara. Nafi'u ya wuce gida ɗaya, biyu, biyar. A na shida Jazuli ya ce, "Tsaya. Na ji ka a kunnena."

Ga abin da Nafi'u ya yi. Tun kafin ya kai unguwar sai da ya ratsa wani kwalbati da ruwa ya shafe, inda masu motoci suka tsaya suna kallo, ruwan yana jan babur ɗin yana ja. Da ya iso gidan ya tarar da get a kulle ta ciki, katanga kuma an jera mata fasassun kwalabe. A wasan Birni maɓalli ɗaya ake latsawa a haura. A nan ya shimfiɗa rigar ruwansa a kai ya kama, kwalba ta ratsa rigar ta tsaga masa tafin hannu biyu. Wani maƙwabci ya hango shi ta taga ya kwarma ihun ɓarawo. Kun san abin da wannan kalma take jawowa a sabuwar unguwa da ɓarayi suka addaba.

Nafi'u ya dira, ya ga taɓarya a jingine, ya hau dukan ƙofar falo. Kafin ta ɓalle mutane sun hauro da gorori. Na farko ya sauke masa a kafaɗa, ƙashi ya goce. Bai juyo ba, ya ce musu, "Ku kashe ni in an jima, akwai mutum a ciki yana mutuwa." Wani dattijo a cikinsu ya ji rurin inji daga ɗaki a rufe, ya gane, ya tare sauran. Ƙofa ta ɓalle. Nafi'u ya riƙe numfashi ya shiga, ya tarar da Mubashir a kife a gefen kujera, abin latsawa yana hannunsa, talabijin tana nuna doki a kwance. Da hannu ɗaya ya ja shi ta wuyan riga har tsakar gida cikin ruwa, sannan shi ma jiri ya kwashe shi. A motar wanda ya doke shi aka kai su asibiti. Wannan ce ranar farko da Nafi'u ya ga fuskar abokinsa.

Likita ya ce da an ƙara 'yan mintoci da sai dai a kira mu ɗaukar gawa. Ni da na je na gan shi da abin numfashi a hanci, wallahi ban bar bakin gadonsa ba, don a hannuna yaron nan ya tashi tun rasuwar ubansa. Kwanansa huɗu aka sallame shi. Bayan mako biyu Suwaiba ta sauka lafiya, aka sami namiji. Yau kwanansa biyar.

Tun yana gadon asibiti Mubashir ya yi alkawari cewa in namiji ne, wanda ya ceci ransa zai yi wa takwara. Da ya zo cikawa sai ya rasa wanda zai nuna. Su ukun yanzu haka suna Funtuwa, na Ikko da na Jos sun biyo mota sun zo. Na ɗauka za su yi kara, ashe musunsu na gem suka ɗora daga inda suka tsaya. Jazuli ya ce wasan Daji ne ya koya masa saurare, kuma da bai lura ba da ba wanda ya san akwai abin nema. Ukasha ya ce lura ba ta kai mutum ƙofar gida, wasan Tsibiri ne ya nemo gidan. Nafi'u ya ɗaga hannuwansa da bandeji ya ce taswira ba ta ɓalle ƙofa.

Kowannensu da gaskiyarsa, kuma kowannensu da abin da yake sunkuyar da kai in an ambata. Jazuli ya ɓata minti goma sha biyar yana gadin mutumin talabijin alhali na gaske yana shaƙar hayaƙi. Ukasha ya tura mai ceto gidan da ba shi ba. Nafi'u ya zubar da jininsa, amma bakinsa ne ya shigar da injin ɗaki. Uwar Mubashir ta ce a haɗa wa yaron sunayen uku a huta, na ce mata jariri ne, ba motar haya ba.

Mubashir ya ce shi ya kasa, ni ne a matsayin ubansa, ni zan raɗa wa liman suna. Jibi da hantsi za a yanka rago, yaro ɗaya ne, suna ɗaya za a kira, kuma biyu daga cikin mutanen da suka dawo mini da ɗana za su ji ba nasu ba ne. To, ku da kuke zaune, wa zan raɗa: Jazuli da ya ji, ko Ukasha da ya gano, ko Nafi'u da ya shiga?