Ƙafar da Hamsatu Ta Ce Ba ta Mijinta Ba Ce

Akwai wani masunci a Fadaman Mada mai suna Babayo, wanda yake kamun kifi a dam ɗin Gubi. Wata damina aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya yana cikin kwalekwale. Da ruwan ya ɗauke, sai aka ga kwalekwalen a kife, babu shi.

Masunta suka yi ta nema har suka gaji. Matarsa Hamsatu kuwa ko ruwa ba ya wuce mata wuya.

Ana cikin haka ruwa ya turo wata gawa bakin gaɓa. Ta kumbura, fata ta saɓule, kifaye sun lalata kan har ba a gane shi. Ga wari. Mutane suka hango hannu mai yatsu biyar, sai aka yi salati, aka jefa mata tabarma don a suturta ta. Babu wanda ya ƙara dubawa.

Ja'afaru, wan Babayo, mutum ne mai gaggawa, irin waɗanda kafin ka gama magana sun riga sun yanke hukunci. Nan take ya sayo likkafani, ya sa a haƙa kabari, ya ce wa masunta su fito da jiragensu, nema ya ƙare.

Hamsatu ta iso ko takalmi babu.

"Yaya, don Allah kada a fito da jiragen. Ku bari in gan shi."

"Ki ga me? Gawa ba ta jira. Koma gida ki shiga takaba."

"Idan kun binne wannan, wa zai ƙara nemansa? In yana can da rai fa?"

Ta durƙusa cikin laka tana kuka, ta riƙe bakin tabarmar. Mata suka ja ta, ta ƙi saki. Wallahi ko ni da nake ba ku labarin nan, nan ne wurin da yake karya mini zuciya.

Sai ta juya wajen limamin da aka kira, Malam Abdulsalami.

"Allah gafarta Malam, ƙafa kawai zan duba."

Malam ya ce, "Matarsa ce, tana da haƙƙi. Ku ɗaga mata."

Aka ɗaga. Ta toshe hanci ta sunkuya, ta daɗe tana kallo.

"Wannan ba ƙafar maigidana ba ce. Kullum ni nake shafa masa man kaɗanya a faso. Ku dubi babban yatsan nan, a gefe yake kamar na hannu!"

Wani masunci ya sa sanda ya juya gawar. Sai ga guntun wutsiya. Ashe gwaggon biri ne ambaliya ta kwaso daga duwatsu, ruwa ya cire masa gashi. Saura kaɗan a yi wa biri sallar jana'iza.

Jikin Ja'afaru ya yi sanyi. Sai ya faɗa jirgi da likkafanin a hammata, don ya ma manta yana riƙe da shi. Sauran masunta suka bi bayansa.

Can ƙuryar dam, inda babu wanda ya leƙa, suka ji nishi cikin ciyawa. Babayo ne kwance a kan wani tudu, ƙafarsa a karye, muryarsa ta dishe saboda kira. Masuntan suka ce da ya ƙara kwana a wurin, da gawa za a ɗauko.

Babu abin ɗaure ƙafar. Ja'afaru ya yaga likkafanin, ya ɗaure karayar ƙaninsa da shi yana kuka.

Darasi: Kada gaggawa ko ƙyama su sa ka yanke hukunci a kan abin da ba ka duba da kyau ba. Kuma idan mai rauni ya roƙi a saurare shi, a saurare shi, domin wataƙila ran wani ne a cikin maganarsa. Ku tura wa 'yan'uwa, musamman mai saurin cewa an gama.