Sarkin da Ya Sa Aka Yi wa Jatau Zambo

An ce wani sarki ne aka yi, kogi ya raba ƙasarsa biyu. Duk damina in ruwa ya cika, kwalekwale ba ya ƙetarawa, mutanen tsallake su yi ta jinya ba magani. Sai ya sa aka yi shela cewa duk wanda ya ƙera abin da zai tashi sama ya kai ƙunshin magani tsallake, an ba shi gona da ingarman doki.

Ranar gasa bakin kogi ya cika. Jatau masaƙi ya zo da babban buhun ƙyalle da ya shafe da ƙaro, ya cika shi da hayaƙi mai zafi. Abin ya tashi har ya wuce kan giginya, sai hayaƙin ya huce, ya faɗa ruwa. Sarki ya ƙyalƙyale da dariya, ya yafito maroƙa, suka yi wa Jatau zambo da kalangu. Maƙerin gari ya rataya wa nasa buhun kaskon garwashi, nauyi ya hana shi ɗagawa, shi ma ya sha nasa zambon. Barmo baduku kuwa yana gefe yana kallo. Bayan 'yan kwanaki ya ɗinka buhu irin na Jatau, ya sa ƙaramin kasko, nasa ya ƙetare. Aka ba shi kyauta.

Zambon nan ya bi gari, har matar Jatau ta daina zuwa rijiya sai in ba kowa.

Da damina ta zagayo, ciwo ya tsananta a tsallake, aka ce sai mai magani ya je da kansa. Sarki ya ninka kyauta ga wanda zai ɗaga mutum. Ya zauna bakin kogi tun hantsi har la'asar, ba wanda ya zo, ko Barmo.

Sai ya kira Malam Ilu, wani tsoho mai hikima, ya ce, "Malam, kyauta ta yi kaɗan ne?"

Malam Ilu ya ce, "Ya sarki, in ka hau tsani ka kai soro, wane mataki ne ya kai ka?"

"Na ƙarshe mana."

"To a sare sauran, a bar maka shi."

Sarki ya ce, "Ai sai in faɗo."

Malam Ilu ya ce, "Ya sarki, buhun Barmo na Jatau ne, kaskonsa na maƙeri. Ba mai ɗaga mutum sai ya faɗi sau da yawa, kai kuwa ka nuna musu abin da ake yi wa wanda ya faɗi."

Sarki ya sunkuyar da kai. Ya tashi da ƙafa, ba doki ba algaita, har rumfar Jatau, ya ce, "Na zalunce ka, ka yafe mini."

Jatau bai daina saƙa ba. Can ya ce, "Ranka ya daɗe, na yafe. Amma da tun bara muke gwadawa mu uku, da yau mun kusa. Yanzu kam sai baɗi, in Allah ya kai mu."

Haka kuwa aka yi. Kafin ruwa ya janye an yi rashi da yawa a tsallake, sarki ya je gaisuwa gida-gida, ya kasa haɗa ido da kowa. Daga nan bai sake yin gasa ba sai ya ware rabon waɗanda nasu ya faɗi, yana cewa, "Sarkin da ya saka wa mai nasara kaɗai rabin adalci ya yi, sauran rabin haƙƙin wanda ya gwada ya faɗi ne."