Mutumin da Ya Dandaƙe Ragunansa

Akwai wani mutum da matarsa a wani ƙauye, suna da 'yan raguna biyu. Ƙanen mutumin zai yi aure kafin faɗuwar damina, shi kuwa ya riga ya miƙe a gaban dangi ya ce naman biki a wuyansa yake. Sai suka ɗaure ragunan a turke domin su yi ƙiba.

Matar ce take zuba musu abinci, ta kuma ga ba ya isarsu. Ta ce wa mijin, "Baban Tabita, dusar nan ta yi kaɗan. A sauko musu da harawa daga kan rumfa, a ƙara musu kanwa."

Ya ce, "Ba yunwa ce take damunsu ba. Karo da bin tumaki ne suke cinye musu ƙarfi." Ya kira mai dandaƙa, aka dandaƙe su.

Lalle kuwa ragunan suka natsu, suka daina karo, suka daina fizgar igiya. Matar ta yi murna, tana tsammani yanzu za a cika musu komi. Ina! Sai mutumin ya ce tun da ba sa wahalar da kansu, a rage dusar ma.

Aka yi makonni. Duk sa'ad da ta shafa bayansu, ƙashi take ji. Ta sake yi masa magana, ya je ya rage tsawon igiyarsu don kada su yi ta zagaye. Ta sake magana, ya kewaye su da zana don kada su hangi sauran tumaki. Harawa kuwa ya hana a taɓa.

Abin ya ishe ta. Ta tsaya a tsakar gida riƙe da ƙwaryar ruwan tsari, wanda shi kaɗai take iya ƙara musu, ta ce, "Haba Baban Tabita! Kullum ragewa, kullum hanawa! Yaushe za ka ba su wani abu?"

Ya ce, "Ke dai ki zuba ido."

Ta zuba ido har jajiberin biki. Da dangi suka zo kwance ragunan, ɗaya ya kasa tashi, sai ɗaukarsa aka yi. Naman duka biyun bai cika tukunya ɗaya ba. Matar ta raba shi tsoka-tsoka tana cizon leɓe, ya ƙare kafin a kai kan dangin amarya. Ango ya dubi wansa, ya sunkuyar da kai.

Da baƙi suka watse, mutumin ya zauna yana cewa, "Amma ai na dandaƙe su!"

Matar ta ce, "Ka dandaƙe su. Me ka sa musu a baki?"

Ma'anar wannan misali ita ce: ragunan nan rayuwarmu ce, dandaƙa kuwa barin zunubi ne. Barin zunubi wajibi ne, amma ba abinci ba ne. Da yawa a cikinmu muna cewa, "Na bar giya, na bar faɗa, na bar tsofaffin abokai," sai mu zauna muna jiran girma. Ba ma buɗe Maganar Allah, ba ma addu'a, ba ma zuwa sujada sai an ja mu. Haka muke yi wa 'ya'yanmu ma: kada ka je can, kada ki taɓa wannan, amma ba mu taɓa zama mun koya musu su san Ubangiji ba. Ran da gwaji ya zo, sai a ga ba mu da ƙarfin tsayawa. Ɗan'uwa, 'yar'uwa, mun ji abin da ka bari, mun gode wa Allah. Yau me ranka ya ci?