Mai Rediyo da Ragowar Magani

A da, duk wanda ya bi ta bayan kasuwa ya san shagon Mai Rediyo. Wuri ne ƙuntatacce kamar akurki, ga warin dalma, ga rediyoyi na ta magana lokaci guda, shi kuma ya fi su surutu. Da yamma abokai kan cika bencinsa, a yi ta musu da dariya. Hannunsa na da albarka, aibinsa ɗaya ne: gajen haƙuri. Da rediyo ta yi tari zai rufe bayanta ya ce ta tashi, ko da sauran noti a kan tebur.

Sai ciwon ciki ya sa shi gaba. Likita ta gwada, ta ce wata ƙwayar cuta ce ta yi gida a tumbinsa. Ta ba shi magunguna, ta ja kunnensa ya shanye duka. Ya sha na 'yan kwanaki, zafi ya lafa, gogan naka ya juye ragowar a gwangwanin notuna. In ciwon ya motsa, ya kora biyu da shayi.

"Maigida, ba fa haka likita ta ce ba," in ji matarsa.

"Ke dai bari. Ni da nake gyara tun ba a haife ta ba?"

Da ciwon ya dawo, ya dawo da shirinsa. Likita ta zura masa na'ura ta baki, ta ɗebo ɗan nama aka bincika.

"Baba, kai ka koya wa ƙwayar nan maganin," ta ce. "Yanzu ta saba da shi, ba ya yi mata komai."

Ta canza masa wasu masu ƙarfi da ɗaci. Wannan karon ya shanye, matarsa na tsaye a kansa. Ƙwayar ta mutu, amma ta riga ta yi ɓarna. Gyambon da ta haddasa ya huda tumbin, sai da aka yanke wani sashe.

Ya rayu, sai dai ƙarfin zaman aiki ya tafi. Ranar da aka kwashe kayan shagon yana zaune yana kallo, ko akwati ɗaya ya kasa ɗagawa. Baƙin ciki ya ci shi, ya yi kuka a gaban jama'a.

Darasin a nan shi ne, lafawar ciwo ba warkewa ba ce. In likita ya ba ka magani, ka shanye shi yadda ya ce, kada ka ajiye ragowa don gobe. Sauri kan haifi nawa.