Gawar da Ta Dawo da Sunan Mai Rai

Akwai wani mutum a ƙauyenmu na gefen Noakhali, sunansa Mofizul, irin mutanen nan da ko ƙuda ba ya sauka a kwanonsu ya tashi lafiya. An daɗe da yin abin, tun kafin a fara duba zanen yatsa a filin jirgi.

Wani Balarabe mai kamfanin gini ya tsaya masa a matsayin kafili, wato mai ɗaukar nauyinsa ya je ƙasarsu aiki, biza ta fito da sunansa. Mofizul ya yi ta yawo da ita a kasuwa, baki har kunne. Sai gwajin asibiti ya nuna tabon tsohon tari a huhunsa, aka ce ba shi ba tafiya.

Dillalin da ya samo bizar ya ce, "Kai ma da wasa! Kafili suna ya sani, bai san fuska ba. A ɓare hotonka, a liƙa na ƙanenka."

Ƙanen nasa Robiul masunci ne, mutum mai kunya, bai taɓa yi wa wansa musu ba.

"Yaya, ni fa ko Dhaka, babban birninmu, ban taɓa zuwa ba."

"To kifinka ne zai rufa wa mahaifiyarmu Amma ɗaki da kwano? Shekara biyu kamar yau ce."

Haka Robiul ya tafi yana amsa sunan da ba nasa ba. Ranar da ya sauka kafili ya karɓe fasfo ya kulle.

A lokacin, kaset ake aikowa maimakon wasiƙa. Cikin shekara ta uku wani kaset ya zo, muryar Robiul duk ta shaƙe.

"Yaya, ƙirjina ya hana ni barci. Mutumin nan ya ce ba zai sake ni ba sai takarda ta zo daga gida cewa akwai larura. Don girman Allah ka rubuta. Layi biyu ma ya isa."

Mofizul ya dubi ginin da yake yi da kuɗin da Robiul ke aikowa, wanda ya kai taga, ya tura kaset ɗin cikin buhun shinkafa. Ya ce wa mahaifiyarsu, "Yana gaishe ki, har ya yi ƙiba." Kaset biyu suka ƙara zuwa, duka suka bi na farko. Matarsa Shefali tana gani, tsoro ya hana ta magana.

Da damina labari ya iso: Robiul ya faɗi a wurin aiki, bai tashi ba.

Mahaifiyarsu Amma ta daina cin abinci. Abu ɗaya take maimaitawa: "Ku kawo mini shi, in binne shi kusa da ubansa."

Sai dai ba a sakin gawa sai matar mamaci ta sa hannu, kuma a takarda Mofizul ne mamacin. Dillali ya ce, "Ka faɗi gaskiya, a ɗaure ka, a binne shi can. Zaɓi ya rage naka."

Shefali ta dangwala yatsa cewa mijinta ya mutu, alhali yana tsaye a bayanta. Da suka dawo gida ta kasa haƙuri, ta zazzage buhun a gaban surukarta. Tsohuwar ta saurari kaset ukun har ƙarshe.

Da akwatin ya iso, ta ce wa liman, "Malam, ban iya karatu ba. Wane suna aka rubuta a jiki?"

Liman ya karanta mata: Mofizul.

Mofizul ya zube a ƙafafunta yana kuka. "Amma, kuskuren takarda ne, ga ni nan da raina!"

Ta janye ƙafarta. "Takarda ba ta yi kuskure ba. 'Ya'ya biyu na haifa, yau zan binne su a rami ɗaya."

Ta rayu shekara goma sha ɗaya bayan haka, a gida ɗaya da shi, ba ta sake kiran sunansa ba.

Darasi: Kada ka tura ɗan'uwanka inda kai ba za ka iya zuwa ba, sannan ka toshe kunne idan ya kira. In kana da wani a ƙasar mutane, fasfonsa na hannun wani, kira shi yau ka ji muryarsa da kyau. Ku tura wa 'yan'uwa, wataƙila wani yana da kaset a cikin buhunsa.