Sallau Mai Fenti da Ƙofar Motar Alhaji

An yi wani mutum a wani gari, shekaru da dama da suka wuce, ana ce masa Sallau mai fenti. Rumfarsa ta langa-langa ce a bayan tasha, farcensa kullum da launi. Ku saurara da kyau, jama'a, domin irin waɗannan bayin Allah su ne abin alfaharinmu.

Wata rana da hantsi sai ga wani dattijo, Baba Jatau, direban wani attajiri, ya shigo da baƙar mota. Shekara ashirin da biyu yana tuƙa maigidan nan. Ya nuna ƙofar baya. Ashe jiya ya goge ta da bakin get, tsoro ya kama shi, ya sayi fentin ƙofar gida ya shafa da burushi. Fentin ya bushe, ya yi tudu-tudu, ga zanen burushi ɓaro-ɓaro.

Ya ce, "Malam Sallau, ka rufa mini asiri. Alhaji na dawowa jibi. In ya gani, na rasa aikina, kuma wa zai ɗauki tsoho?"

Sallau ya ce, "Zauna, Baba. Bari mu ga abin da ke ƙasa."

Da wani ne, da ya ɗauko sanfefa ya kankare ƙofar duka. Sallau bai yi haka ba. Tsumma ya naɗa a yatsa, ya ɗiga tina kaɗan, wato ruwan narkar da fenti, ya shafa, ya goge da ruwan sabulu, ya jira. Ya sake shafawa, ya sake jira, don kada tinar ta ci fentin asali. Tun hantsi har la'asar, salla kaɗai ke ta da shi. Da ya gama, sai ga ƙujewar: siririya, ba ta kai tsawon yatsa ba. Ya bi ta da man gogewa har sai ka sunkuya kafin ka gan ta.

Baba Jatau ya ce, "Shi ke nan, ba zai taɓa sani ba."

Sallau ya ce, "Ni ba zan kai masa labari ba. Amma kai za ka riƙa tuƙa shi kullum gabanka na faɗuwa. Ka faɗa masa da bakinka. In kana jin tsoro, ni zan raka ka."

Kun ji? Ba danginsa ba ne, ranar ya fara ganinsa. Amma ranar da Alhaji ya dawo, ya rufe rumfarsa, ya sa wankakkiyar riga, ya tsaya kusa da tsohon nan har tsohon ya faɗa wa Alhaji komai.

Alhaji ya sunkuya ya duba ƙofar, ya daɗe. Sannan ya ce, "Jatau, a kan wannan ka kwana uku ba barci? Ɗauko makulli, kasuwa za mu." Ya juya ga Sallau ya riƙe hannunsa mai fenti da hannu biyu.

To jama'a, darasin a fili yake. Gyara na gaskiya haƙuri yake so, kuma mutumin kirki ba ya tona asirin ɗan'uwansa, ba ya kuma barinsa cikin ɓoye-ɓoye. In wani ya zo maka da kuskurensa, kada ka kunyata shi, kada ka taya shi ƙarya. Tashi ka raka shi. Kai kuma da kake ɓoye wani abu tun bara, je ka faɗa yau.