Kofin Seidu da Kwanon Mma Damata

Akwai wani ɗan kasuwa a Bawku mai suna Seidu, wajen ƙarshen shekarun 1980. Albasa da gero yake lodawa zuwa Kumasi, kuma Allah ya buɗa masa tun da sauran ƙuruciyarsa. A can Kumasi manyan mutane suka koya masa wasan golf, wasan nan da ake bugun 'yar farar ƙwallo da sanda ana bin ta daga rami zuwa rami. Wanda ya gama da mafi ƙarancin bugu shi ne gwani.

Seidu ya iya, wannan ba ƙarya. Idan ya ɗaga sanda ya sauke, sai ka kare ido da hannu kana neman ƙwallon a sama. Matsalar ita ce ya san ya iya, kuma ba ya son kowa ya manta.

Abu ɗaya ne ya fi ƙarfin jin kansa: Latifatu, wata ma'aikaciyar jinya a Yendi. Mahaifinta ya rasu, don haka maganar aurenta tana hannun yayanta Mahama, mai sayar da kayan gyaran mota. Manyan Seidu sun kai goron neman aure, an karɓa da mutunci, amma ba a raba wa dangi ba. A gidan, muddin ba a raba goro ba, to ba a ce e ba.

"A ɗan ba mu lokaci," in ji Mahama. Iyakar abin da ya ce ke nan.

Sai dai labari ya iso wa Seidu cewa Latifatu da kanta take yayyafa wa goron ruwa kowace safiya don kada ya bushe. Wannan ya kwantar masa da hankali. Saura yayan.

Ana cikin haka aka sa gasar golf a wani masaukin shaƙatawa da ke bayan garin Salaga, a farkon damina. Mahama ma ɗan wasa ne, kuma ya daɗe yana buga wannan fili. Da Seidu ya ji, sai ya yi murmushi. A ransa ya ce, ranar da na doke shi a gaban ƙanwarsa, ranar zai san da wa yake magana.

Ku ji lissafi, jama'a. Mutum yana neman aure, amma shirin kunyata suruki yake yi.

Filin Salaga ba irin na Kumasi ba ne. Ƙasar marmara ce, mai tauri, ƙwallo na faɗowa sai ta yi tsalle ta nufi inda ta ga dama. Kewayen kowane rami kuma ba ciyawa, yashi ne aka kwaɓa da baƙin mai, sai an ja buhu an share shi kafin a gangara ƙwallo. Mahama yakan buga ƙasa-ƙasa, ya bar ƙwallo ta mirgina. Seidu kuwa sama yake aikawa, ya ce shi ba wasan tsofaffi ya zo yi ba.

Ranar gwaji, da suka iso ramin ƙarshe, Mahama ya tsaya ya nuna da sanda. Hanyar ramin ta miƙe, sannan ta karya hagu ta zagaye wani kurmin kaɗanya. Ramin yana bayan itatuwan, kusa da barandar masaukin.

"Ka ga kurmin nan?" in ji Mahama. "Da rani, mai ƙarfi yakan tsallake shi da bugu ɗaya. Amma daga faɗuwar ruwa har kaɗe ya gama zuba, ba mai yi. Matan ƙauyen nan suna ciki suna tsinta. Kurminsu ne tun kafin a zo da golf. Mu muke zagayawa."

"An rubuta a doka, Yaya Mahama?"

"Ba a rubuta ba. Kowa dai ya sani."

Seidu ya gyaɗa kai, amma idonsa na kan tsayin itatuwan yana aunawa.

Ranar ƙarshe ta gasa gari ya waye da laima. An kwana ana iska da ruwa, kaɗe ya zubo ko'ina. Latifatu ta zo daga Yendi, tana zaune a baranda cikin 'yan kallo. Sauran 'yan wasa duk an bar su a baya, ya rage Seidu da Mahama, kowa na bin wuyan kowa. Idan Seidu ya wuce da dogon bugu, sai marmara ta cilla masa ƙwallo cikin ciyawa, Mahama ya lallaɓo ya kamo shi. Gumi ya jiƙa rigar Seidu.

Suka iso ramin ƙarshe kunnen doki.

Mahama ne ya fara. Ya ɗauki gajeriyar sanda, ya ajiye ƙwallonsa daidai kwanar, inda ake ajiyewa. Seidu ya san abin da zai biyo baya. Idan shi ma ya zagaya, wasan ya koma kan baƙin yashi, kuma a nan Mahama ba ya kuskure.

Ya zaro doguwar sanda.

Inusah, alƙalin wasan, ya matso ya rage murya. "Massa, maigida, yau mata sun cika ciki fa. Ba ka ji ba?"

Ana ji kuwa. Muryoyi na tasowa daga cikin itatuwan, wata na kiran wata, wata na dariya.

"Doka ta hana?" in ji Seidu.

"Doka bai hana ba, amma..."

"To matsa."

Mahama ya ce, "Seidu, iskar nan a fuskarka take. Ba za ta tsallake ba. Don Allah ka mayar da sandar."

Da a keɓe aka faɗa masa, wataƙila da ya ji. Amma a gaban mutane aka faɗa, kuma wanda yake son dokewa ne ya faɗa. Zuciya ta ɗebe shi. Ya gyara tsayuwa, ya ɗaga sanda, ya sauke da duk ƙarfinsa.

Ƙwallo ta tashi gwanin sha'awa. Ta hau, ta hau, har ta kusa wuce itacen ƙarshe. Sai iska ta riƙe ta. Kowa ya ga lokacin da ta tsaya cak a sama, sannan ta sulalo cikin ganye.

Aka ji ƙarar ƙarfe, ƙwal! Sai ihun mace. Sai ihun mata da yawa.

Kafin kowa ya motsa, wata sowa ta ɓarke daga baranda. Ashe ƙwallon ta daki wani abu ta yi tsalle ta fito daga kurmin, ta dira kan marmara, ta gangara har kan baƙin yashi, ta tsaya dab da rami. Masu kallo ba su san me ta daka ba, tafi kawai suke yi.

Mahama ya yar da sandarsa a ƙasa ya ruga cikin kurmin, ko waiwayen ƙwallonsa bai yi ba.

Seidu ya bi hanya. Ya iso inda 'yar turba ta rabu. Ta hagu ta shiga cikin itatuwa, inda ake salati da kuka. Ta dama ta zagaya zuwa rami, inda ake kiran sunansa. Ya tsaya. Wallahi ya tsaya, kuma ya san wadda ta kamata ya bi.

Sai ya ce a ransa, ai Mahama yana can. Bugu ɗaya ne ya rage. Yanzu-yanzu zan dawo.

Ya bi ta dama.

Bai ma yi sauri ba. Ya jira aka ja buhu aka share masa yashi, ya durƙusa ya duba gangaren, sannan ya taɓa ƙwallon. Ta faɗa rami. Inusah ya sanar cewa Mahama ya bar wasa, kofi na Seidu ne. Aka yi ta ba shi hannu. Ya ɗaga kai ya dubi baranda don ya ga fuskar Latifatu, sai ya ga kujerarta ba kowa.

A nan gabansa ya faɗi. Ya kutsa cikin kurmin da gudu.

Ya tarar da mata sun yi da'ira. A tsakiya wata tsohuwa ce kwance, kanta a cinyar Latifatu. Latifatu ta yage gefen mayafinta tana danne goshin tsohuwar, jini ya riga ya ratsa ƙyallen. A gefe ga wani farin kwano ya loɓa a ƙugu, kaɗe ya watse cikin ciyawa. Kwanon yana kanta lokacin da ƙwallon ta sauko. Shi ya tare bugun, ita kuma ta kifa ta bugi saiwa. Da ƙwallon ta sauka ƙasa kaɗan, da wani labarin ake yi.

Mahama yana durƙushe, ya riƙe hannunta yana yi mata fifita da hularsa. "Mma, buɗe ido. Mma Damata, kina ji na? Ga mu nan, Mma."

Seidu ya ji yadda yake kiran ta, ya ga idon Mahama ya yi ja. Sai ya tuna an taɓa gaya masa su Mahama suna da gwaggo a Salaga, wadda bai taɓa gani ba. Ya ga aurensa yana zubewa a gabansa.

"Yaya Mahama," ya ce, "gwaggonku ce?"

Mahama bai ɗago ba. "A'a. Ban taɓa ganin ta ba. Yanzu matan nan suka gaya mini sunanta."

Seidu ya saki dogon numfashi, ya dafe ƙirji. "Alhamdulillahi!"

Latifatu ta ɗago kai ta dube shi. Ba harara ta yi ba. Kallonsa kawai ta yi kamar yau ta fara ganin sa, sannan ta mayar da idonta kan raunin.

Can tsohuwar ta motsa, ta buɗe ido da ƙyar. "Wanene ya jefa dutse?" ta ce. "Ni ban yi ma kowa komai ba. Ina kwano na? Ku kwashe kaɗen, kada akuya ya ci."

Mahama ya saki hannunta a hankali, ya shiga tsintar kaɗen ɗaya bayan ɗaya yana zubawa a hularsa. Seidu ya ce ga motarsa a kai ta asibiti. Mahama ya ce an riga an tafi ɗauko tasa.

Mma Damata ta warke, sai tabo a goshi. Seidu ya koma Bawku da kofi, ya ɗora shi a kan kanta a shagonsa, yana ta gaya wa kansa cewa abin zai wuce. Ai ba a mutu ba. Ai iska ce.

Ba a daɗe ba Mahama ya iso shagon tare da kawunsu, Malam Awudu. Bayan gaisuwa, Mahama ya ajiye wani ƙunshi a kan tebur ya kwance. Loɓaɓɓen kwanon nan ne. A cikinsa ga goron neman aure a naɗe cikin ganyensa, ɗanye shar, ko ɗaya ba a taɓa ba.

"Mun saya wa Mma sabo," in ji Mahama. "Wannan naka ne, kai ka yi masa alama."

Seidu ya miƙe tsaye. "Yaya, kuskure ne. Iska ce ta riƙe ƙwallon, kai ma ka gani. Don Allah, Kawu, ku sa baki."

"Zauna, Seidu," in ji Mahama. "Ba ni na mayar da goron nan ba. Ni na ce mata zafin wasa ne, kowa yana iya yi. Ta ce bugun za ta iya yafewa. Har ramin da ka tafi ka ƙarasa, ta ce wataƙila da lokaci ta manta."

"To mene ne?"

"Hamdalar da ka yi. Ta ce ita kullum raunin waɗanda ba ta sani ba take wankewa. Ba za ta iya zama da mutumin da sai ya tambayi 'yar gidan wa ce kafin ya ji zafi ba."

Suka yi masa sallama suka fita.

Ya daɗe zaune yana kallon kwanon. Ya sa hannu ya taɓa ganyen, ya ji shi da danshi. Ashe har safiyar da za a mayar da goron sai da ta yayyafa masa ruwa. A nan ne hawaye suka zubo masa, a gaban kofin da ya ci.

Darasi: Ba kowane abu da doka ta yi shiru a kansa ne ya halatta gare ka ba, kuma tausayin da ya tsaya a kan danginka kaɗai ba tausayi ba ne, lissafi ne. Mutane suna auna halinka da yadda ka yi da wanda ba ka sani ba, wanda ba zai amfane ka da komai ba. Ka tura wannan labari ga 'yan'uwa da abokai, wataƙila akwai wanda ke tsaye yau a inda turba ta rabu.